Amsa ga mai tambaya kan gasar kimiyya da dashen ɓargo

Hajiya, kin ce 'yarki mai shekara 16 za ta shiga gasar kimiyya a makarantarsu, ta zaɓi dashen ƙwayoyin asali na jini, amma ta rasa ta inda za ta fara. Allah Ya yi mata albarka.

Shawarata ita ce ta taƙaita batun a kan dashen da ake yi wa masu sikila, tunda cuta ce da ke cikin gidajenmu. Ƙwayoyin asalin nan a cikin ɓargo suke, su ke haifar da jini. Wajen dashen, likitoci kan fara ba majinyaci magani mai ƙarfi ya kawar da ɓargonsa, sannan a sa masa na mai bayarwa ta jijiya, kamar ƙarin jini. Wahalar tana wajen samun wanda ya dace. Tsakanin 'yan uwa uwa ɗaya uba ɗaya, damar dacewa ɗaya ce cikin huɗu. Nan ne tambaya mai kyau take: me ya sa dacewar ke da wuya, kuma me ke faruwa idan sabon ɓargon ya far wa jikin majinyaci? Ta kuma karanta labarin dashen da aka yi a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin da ke jihar Edo a 2011.

Kuskuren da yara suka fi yi shi ne kwafo daga intanet, ko rubuta cewa dashen ba shi da haɗari. Yana da shi, har da rasa haihuwa.

Kada ta taɓa jinin kowa. In za ta yi wa masu sikila tambayoyi, sai da izininsu da na iyayensu, kuma ta nemi likitan jini ya duba aikin kafin ta miƙa.