Ganau ko jiyau: amsa ga ƙanwata mai shirin zuwa Ingila

Assalamu alaikum ƙanwata. Saƙonki ya iso tun shekaranjiya, aikin dare ne ya hana ni amsawa da wuri. Kin ce kina shirin jarrabawar IELTS, ta gwajin Turanci, don ki zo aikin jinya, kuma malaminku ya soke miki "I saw it by myself", alhali nufinki "da idona na gani". Kina tambaya ko kuskuren ya kai a damu da shi. Ya kai, don ni ma 'yar kalmar nan ta taɓa sa ni gumi a bakin aiki.

Mu Hausawa da kalmar "kai" muke aiki: kaina, kanka, kanki, kansa, kanta, kanmu, kanku, kansu. Su Turawa "self" suke liƙawa: myself, yourself, himself, herself, itself, ourselves, yourselves, themselves. Mu muna raba kanka da kanki, su kuwa "yourself" guda ce ga mace da namiji. In kika ce "I saw myself", to kanki kika gani, a madubi ko a hoto. In kika ce "I saw it myself", wani abu ne ya faru a gabanki, ke ganau ce ba jiyau ba. Wannan 'yar "it" ta tsakiya, kada ki yar da ita.

Inda kika zame shi ne "by". Da zarar ta shigo, magana ta tashi daga shaida ta koma kaɗaici. "I saw it by myself" na nufin ke kaɗai ce a wurin, babu kowa tare da ke. Akwai kuma ta uku, wadda na fi so, wato "I saw it for myself". Ita wannan an ba ki labari ne, zuciyarki ba ta kwanta ba, kika taka kika je. Gani ya kori ji ke nan. Shi ya sa in Bature ya ga kina shakkar maganarsa sai ya ce "come and see for yourself", zo ki gane wa idonki. "With my own eyes" ma suna faɗa, daidai da namu "da idona", sai dai an fi jin ta wajen abin mamaki, ba a takardar aiki ba.

A shekarata ta farko a nan, ina ɗakin tsofaffi na wani asibiti a arewacin Ingila. Wajen ƙarfe uku na dare na ji ƙara daga bayan labule, na ruga, na tarar da wani dattijo a ƙasa gefen gadonsa. Da likita ta zo ta tambaye ni ko faɗuwa ya yi, na ce "Yes, I saw it myself." Abin da ke raina shi ne ba wani ya kira ni ba, ni na same shi. Ta fara rubutu, sai ta ɗago kai ta ce, to ta wane gefe ya faɗi, kansa ya bugu? Nan bakina ya mutu. Ban ga faɗuwar ba. Bayanta na gani.

Ki fahimci nauyin abin. A nan faɗuwar majiyyaci iri biyu ce a rubuce: "witnessed", wadda aka yi a gaban wani, da "unwitnessed", wadda ba wanda ya gani. In ba wanda ya gani, ba mai iya cewa kai bai bugu ba, don haka sai a sa masa ido kamar ya bugu ɗin. A duba ƙwayar idonsa da hankalinsa da ma'aunin Glasgow na gwada yadda majiyyaci yake cikin hayyacinsa, wanda cikarsa maki 15, duk rabin awa har awa 2, sannan duk awa har awa 4, daga nan duk bayan awa 2. Dattijon nan kuma yana shan maganin tsinka jini, irin wanda jini ke iya taruwa a cikin kai ba tare da alama ta fito da wuri ba. Da likitar ba ta sake tambaya ba, kalmata guda za ta iya sa a sassauta masa kulawar da yake bukata. Allah ya rufa asiri, lafiya ya tashi. Abin da ya kamata in ce tun farko shi ne "I found him on the floor. I didn't see the fall myself."

Na daɗe ina tunanin me ya kai ni. A gida mun saba da "a gabana aka yi" wajen ƙarfafa zance, kusan kamar rantsuwa. Mutum zai iso bayan hatsari, ya ga mota a kife, gobe ya ba da labari ya ce da idonsa ya gani, kuma ba wanda zai ce ya yi ƙarya. A ɗakin majiyyata ba haka ba ne. Duk abin da kika rubuta da sunanki da lokaci yana nan ajiye, kuma in mutum ya rasu aka kai batun gaban mai binciken musabbabin mutuwa, takardarki za a buɗe. In ji kika yi, ki ce "the patient told me" ko "my colleague reported". "Myself" ki ajiye ta sai inda idonki ya gani da gaske.

Wani abu da za ki kiyaye tun kina gida: Turancinmu na Najeriya yana cewa "they love themselves" ana nufin suna son juna. Bature zai ji kamar kowa kansa yake so. Juna dai "each other" ce. Za kuma ki ji wasu 'yan ofis a nan suna cewa "please contact myself" don su nuna ladabi. Kada ki ɗauka. "Contact me" ya isa, kuma shi mai gyaran jarrabawa zai karɓa.

Hukumar NMC mai yi wa ma'aikatan jinya rajista tana neman maki 7 na IELTS a karatu da saurare da magana, 6.5 a rubutu. A kashi na biyu na jarrabawar magana za a ba ki minti 1 ki shirya, ki yi magana har minti 2, kuma ana iya ce miki ki ba da labarin abin da ya faru a gabanki. To ki ɗauko wani abu daga asibitin da kike aiki, ki yi mini saƙon murya na minti 2 da Turanci, ki raba mini abin da kika gani da abin da aka gaya miki. Ranar Lahadi ina hutu, zan saurara in gyara miki. Ki gaida Umma, ki ce mata yajin daddawar ya iso.