Malam, dole ne in bi dokokin kariya a injina, ko in ba jami'ai na goro su tafi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ina da ɗan injin casar shinkafa da yara 12 a ƙarƙashina. Jami'ai sun matsa min wai sai na sa tukwanen kashe gobara, in rufe bel ɗin inji, in sayo wa yara takunkumi da takalma, in fasa ƙofa ta baya, ga kuɗin takardu kala kala. Malam wallahi dizal kaɗai ya ishe ni. Abokan sana'a sun ce kawai in ba su na goro su tafi, ai abin da Allah ya rubuta ba makawa. Ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya sa albarka a nemanka ɗan'uwa, kuma na san ba ƙarya kake ba a maganar dizal, duk mai inji a ƙasar nan yana ji a jikinsa. Amma kuskuren da kake shirin yi shi ne ka zuba komai a buhu ɗaya ka kira shi takurar gwamnati, alhali rabin abin da ka lissafo ko babu jami'i ko ɗaya a duniya Shari'a ta riga ta ɗora maka shi.

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Musa cewa wani gida ya ƙone da mutanensa da daddare a Madina, da aka gaya wa Annabi (SAW) sai ya ce wannan wutar maƙiyiyarku ce, idan za ku kwanta ku kashe ta. Haka ya umarci wanda zai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya riƙe tsininsu kar ya ji wa wani Musulmi ciwo. To dan Allah tsinin kibiya da bel ɗin inji da ke gudu a buɗe, yaro yana wucewa ta gefensa da buhu a ka, gefen rigarsa na lilo, ƙura ta cika masa ido, wanne ya fi kusa da cire hannu? Sannan ga hadisin Abu Zarr a kan waɗanda ke ƙarƙashin mutum, cewa 'yan'uwanku ne, kar ku ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu. Ga kuma ƙa'idar nan ta "la darara wa la dirar", babu cuta babu cutarwa. Saboda haka murfin bel, tukunyar kashe gobara mai aiki, takunkumin da zai hana ƙurar dusa shiga huhu, da ƙofar tsira, wajibi ne a kanka, kuma daga aljihunka ne, bai halatta ka yanke a albashin yaran ba tunda kai ke cin ribar injin.

Maganar ƙaddara kuwa, wannan ita ce ta fi damuna, don da ita ake rufe bakin iyayen yaro bayan an gama aika-aika, a ce haƙuri, kwanansa ne ya ƙare. Annabi (SAW) cewa ya yi da mai raƙumi ɗaure shi sannan ka yi tawakkali. Kuma malaman fiƙihu sun yi magana ƙarara, wanda ya haƙa rijiya a kan hanyar mutane wani ya faɗa ya mutu akwai lamuni, wato alhakin biyan diyya, a kansa duk da ba shi ya tura shi ba. Kai da aka nuna maka haɗarin da yatsa ka ƙi gyarawa, idan yatsun yaro suka tafi akwai diyya, ba a wanke ta da kai buhun shinkafa gidan su. A Bangladesh a 2013 an ga tsaga a ginin Rana Plaza tun ana gobe, aka ce wa teloli su koma aiki, ginin ya rufta ya kashe sama da mutum 1,100. Nan Ikorodu a Legas ma a 2002 gobara ta cinye ma'aikatan dare a wata masana'anta saboda an kulle su a ciki.

Takardu da rajista su ma asalinsu a bi, domin shugaba yana da ikon tsara abin da ke da maslahar jama'a, kuma Allah ya ce a yi wa majiɓinta al'amari biyayya a Suratun Nisa'i aya ta 59. Dokar masana'antu ta 1987 da dokar 2010 da ta sa mai aiki ya riƙa zuba kwatankwacin kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikatansa daga aljihunsa a asusun inshorar ma'aikata na gwamnati (NSITF) don biyan wanda ya ji rauni, ban ga saɓon Allah a cikinsu ba. Inda nake tare da kai shi ne ofis uku su zo karɓar kuɗi a kan abu ɗaya, ko wani ya yanka maka tara ba rasit. Wannan zalunci ne, cin dukiyar mutane da ɓarna ne, ka nemi rasit, ku haɗu da ƙungiyarku ta masu inji ku kai kuka a rubuce.

Na goro fa, ka kira shi da sunansa, rashawa ce, kuma Annabi (SAW) ya la'anci mai bayarwa da mai karɓa. Sassaucin da wasu malamai suka yi na wanda ya cika haƙƙinsa ne aka zalunce shi ba shi da mafita, zunubin na mai karɓa. Amma ka biya don a kau da ido daga bel a buɗe, wannan haramun ne ba ja.

Idan kuɗin ba za su isa lokaci ɗaya ba, fara da murfin bel a satin nan, mai walda zai haɗa maka shi da kuɗi kaɗan, sai tukunyar gobara kuma ka koya wa yara biyu ko uku yadda ake cire fil ɗinta, sauran ka roƙi wa'adi a rubuce. Ƙofa kuma kar a sake sa mata kwaɗo alhali akwai mutum a ciki, ko da tsoron ɓarayi ne. Wallahu a'alam.