Amsa: Sanya wufa a jif ba tare da an cinye wurin kaya ba

Malam, ka tambaya yadda za ka sanya wufa, wato babbar lasifikar da ke fitar da sauti mai kauri, a Highlander ɗinka alhali kana buƙatar but ɗin domin buhuna da kayan iyali. Shawarata ita ce ka bar maganar babban akwatin nan mai kusurwa huɗu, ka sa a ƙera maka ƙarami da faiba (zaren gilashi da ake haɗawa da gam ya ƙame), wanda zai shige cikin lungun gefen but, bayan tudun tayar baya, a ɗaura masa wufa mai inci 10 irin marar zurfi. Akwatin ya kasance rufaffe ruf, domin rufaffen akwati na irin wannan wufa yakan wadatu da filin ciki na lita 15 zuwa 20, mai ramin fitar iska kuwa ya fi haka cin wuri. Idan Highlander ɗinka samfurin 2004 ne ko na bayansa, babu ramin safaya a cikin but da za ka sa akwatin, tunda tayar a ƙarƙashin motar take rataye.

Sharaɗin da zan jaddada shi ne, ka duba adadin litar da kamfanin ya rubuta a takardar bayanin wufar kafin maƙerin ya fara aiki, sannan a ɗaure akwatin da noti a jikin motar. Nawa na farko da aka haɗa mini a Panteka ajiye shi kawai aka yi, kuma ban kai Zariya ba sai da wayarsa ta tsinke saboda jijjiga. Ka sa masa ragar ƙarfe a fuska, domin gefen buhun masara ɗaya ya isa ya fasa fuskar wufar mai kama da takarda.