Amsa kan ƙarfen haƙa rami mai murɗi: inda yake aiki da inda yake cutar da shuka

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka tambaya ko ƙarfen nan mai murɗi da ake ɗaura wa diril, wato na'urar huda mai aiki da lantarki, a haƙa rami yana da amfani a lambu, ko gara mutum ya tsaya kan shebur da dagi, sannan ko diril mai batir na gida zai iya juya shi. Na daɗe ina aiki da shi, bari in gaya maka abin da na gani.

Yana da amfani ƙwarai, amma irin ƙasarka ce za ta yanke hukunci. A ƙasa mai laushi, ko mai rairayi, ko filin da aka saba nomawa ana zuba masa taki, ba abin da ya kai shi sauri. Inda ya fi burge ni shi ne ranar dashe, idan kana da ɗaruruwan 'ya'yan shuka daga gandun reno kuma kowanne yana buƙatar rami iri ɗaya. Ka ja igiya, ka bi layi kana hudawa, wani na bin bayanka yana dasawa. Ƙasar da yake fitarwa tana zubowa a bakin ramin a marmashe, da ita za a rufe saiwar nan take. Idan ka samu mai tsawon santimita 60 ko fiye, a tsaye za ka yi aikin, kuma duk mai fama da ciwon baya ko gwiwa ya san darajar wannan.

Game da girma, mai faɗin inci 2 zuwa 3 ya isa ƙananan dashe da shuke-shuke masu kai a ƙasa, waɗanda ake binnewa zurfin ninki biyu zuwa uku na tsayin kan nasu. Mai inci 4 zuwa 6 na shukar da ta girma a leda ko ƙaramar tukunya ne. Amma ka sani, kowane inci da ka ƙara, nauyi ne ka ƙara wa diril da wuyan hannunka. Diril mai ƙarfin bolt 18 ko 20 yana juya mai inci 3 ba wahala. Daga inci 4 zuwa sama sai mai ƙarfi sosai, wanda bakinsa ke kama milimita 13, kuma mai mariƙi na biyu a gefe. Ka duba ƙotar ƙarfen, wato gindinsa da ke shiga bakin diril, kafin ka saya: mai kusurwa shida ta fi, domin zagayayyiya zamewa take yi a bakin diril da zarar ƙasa ta yi tauri.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe, don shi ne ke kashe shuka a ɓoye. Idan ƙasarka mai yumɓu ce kuma ka huda ta tana jiƙe, fukafukan ƙarfen suna shafe bangon ramin su daddanne shi ya yi santsi. Da ya bushe sai ya zama kamar cikin tulu. Saiwa ta isa bangon ta kasa ratsawa, sai ta riƙa kewaya tana nannaɗe kanta, ruwan da ka zuba kuma ya kwanta a ciki ya ƙi tsanewa. Bayan 'yan makonni ka ga ganye na yin rawaya, shuka ta tsaya cak, ka ɗauka taki ne ya yi kaɗan ko ruwa, ka ƙara mata ruwa, ka ƙara dagula al'amarin. Na sha ganin wannan a lambunan mutane, suna ɗora wa iri laifi alhali ramin ne. Maganinsa ba wuya. Kafin ka fara, ka damƙi ƙasar a hannu ka matse: in ta dunƙule tana sheƙi tana manne wa yatsu, ka dakata ta sha iska, in ka taɓa dunƙulen ya wargaje, lokaci ya yi. Bayan ka huda kuma, ka sa ɗan ƙarfe ko tsohuwar wuƙa ka kakkarce bangon ramin har santsin ya tafi. Idan kuwa ƙasar ta bushe ƙayau ta yi tauri, ka ba ta ruwa yau, ka huda gobe.

Wannan ne ya sa ba na ba kowa shawarar ya dasa bishiya a ramin wannan ƙarfe. Bishiya tana son rami mai faɗi, ninki biyu zuwa uku na faɗin ƙasar da ke riƙe da saiwarta, amma zurfinsa kada ya wuce tsayin ƙasar nan. Shi kuwa ƙarfen rami mai zurfi da ƙunci yake yi, akasin abin da ake so ke nan. In ramin ya zarce zurfi ka cike ƙasansa da sakakkiyar ƙasa, za ta lotsa bayan ban ruwa, bishiyar ta nutse, gindinta ya binnu ya fara ruɓewa. Abin da nake yi shi ne in huhhuda wurare da yawa kusa da juna a da'ira don in sassauta ƙasar, sannan in kwashe da shebur in daidaita zurfin da hannu.

Sauran ayyukan da yake yi suna da yawa. Yana cakuɗa ƙasa da taki a baro cikin ɗan lokaci. Yana buɗe wa tulin takin da kake ruɓarwa hanyar iska, wanda ke hana shi ɗoyi ya kuma hanzarta nunarsa. Ina huda ramuka masu zurfin santimita 20 zuwa 30 a kewayen manyan bishiyoyi, daidai ƙarƙashin ƙarshen rassa inda ƙananan saiwoyi masu shan abinci suka fi yawa, in cika su da ruɓaɓɓen taki. Yana kuma sauƙaƙa kafa sandunan da shuka mai yaɗo ke hawa. Amma kada ka yi cirar ciyawa da shi, musamman mai yaɗuwa ta ƙarƙashin ƙasa: daddatsa ta zai yi, kowane guntu ya tsiro. Turakun shinge kuwa ba aikin diril ba ne, sai babban injin mai fetur ko na hannu mai mariƙi biyu.

Don Allah ka kula da hannunka. Idan bakin ƙarfen ya ci karo da dutse ko babbar saiwa, shi tsayawa yake yi, sai diril ɗin ya juya da kai, kuma nan take wuyan hannu ke gurɗewa. Ka sa shi a giya ta 1, mai juyi a hankali. Ka juya zoben lambobin da ke bayan bakinsa zuwa babbar lamba maimakon alamar huda, domin ya saki da kansa idan ya cije. Ka riƙe da hannu biyu, ƙafafu a buɗe, kada ka danna da ƙarfi, murɗin ne ke jan kansa ciki. Kana shiga kaɗan kana ɗagowa don ƙasa ta fita, in ya maƙale ka juya shi baya. Banda riga mai faɗin hannu ko wani abu mai reto, kuma yara su yi nesa. Kafin ramin farko, ka tabbatar da inda bututun ruwa da wayar lantarki suka bi a ƙarƙashin ƙasa. A wuri mai tsakuwa da duwatsu da yawa kuwa, ka haƙura da shi gaba ɗaya, diga da dagi sun fi.

Idan ka gama, ka wanke lakar, ka goge shi ya bushe, ka shafa ɗan mai don tsatsa, in bakin ya dakushe ka wasa shi da magagari. Shawarata ka fara da mai inci 3 dogo, ka gwada shi a gefen lambu ka ga yadda ƙasarka ta karɓe shi kafin ka nemi babba. In ka faɗa mana irin ƙasar da kake da ita da abin da za ka dasa, sai mu ƙara maka bayani. Allah ya ba da amfani mai albarka.