Shin fim ɗin Blonde tarihin Marilyn Monroe ne na gaskiya?

'Yar'uwa, kin ce gardama ta kaure a zamanku na Jidda bayan kun kalli Blonde: shin haka rayuwar Marilyn Monroe, tauraruwar fim ta Amurka, ta kasance?

Ki raba abu biyu. Ana de Armas, wadda ta fito a matsayin Marilyn, ta iya wasa. Muryar nan mai raɗa da rawar leɓe kafin kuka sun kai ta takarar lambar yabon fina-finai ta Oscar. Amma iya wasa ba ya mai da labari gaskiya. An ɗauko fim ɗin daga ƙagaggen littafin Joyce Carol Oates na 2000. Ciwon taɓin hankalin mahaifiyar Marilyn gaskiya ne, haka aurenta da Joe DiMaggio da Arthur Miller, da rasuwarta a 1962 tana shekara 36. Abin da ya ɓata min rai, an mai da ita mai kuka kullum, alhali ita ce ta kafa kamfanin fim nata.

Kuskuren da ake yi shi ne yanke mata hukuncin ciwo daga kallon fim; wannan aikin likitan ƙwaƙwalwa ne. In fim ɗin ya fama miki wani tsohon miki, ki je asibiti. Kuma kada ki kunna shi gaban yara.