Amsa: Su Waye Suka Riƙi Homiyofati a Birtaniya?

Malam, ka tambaya ko talakawa ne suka fara karɓar maganin homiyofati (salon magani da ake tsarma sinadari sosai har ya zama ɗan kaɗan) a Birtaniya. A'a, masu hannu da shuni da gidan sarauta ne suka ɗaure masa gindi.

Likita Frederic Quin ne ya shigo da shi Landan wajajen 1832, bayan ya koya daga Bajamushe Samuel Hahnemann, wanda ya ƙirƙiro homiyofati. Quin mutum ne mai shiga cikin manya, shi ya sa attajirai suka yi ta tururuwa wurinsa. Ya kafa ƙungiyar likitocin homiyofati a 1844, sannan asibitinsu na Landan a 1849.

Lokacin annobar kwalara ta 1854, marasa lafiyan asibitin sun fi na sauran asibitoci tsira. Ni dai ina ganin dalilin shi ne ba a yi musu tsagar jini da ba su magani mai ƙarfi na sa zawo irin na likitocin zamanin.

Sarki George na Shida kuwa har dokinsa ya raɗa wa suna Hypericum, sunan wani maganinsu, dokin ya ci tseren 1000 Guineas a 1946. Masanin kimiyya Charles Darwin ya je jinya garin Malvern wurin Likita Gully, wanda shi ma yake amfani da homiyofati, amma a wasiƙunsa yana yi wa homiyofatin ba'a.