Amsa ga mai son haɗa rediyon mota a ɗaki

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Na ga tambayarka tun da asuba, sai yanzu na samu zama. Ka ce yayanka ya canza rediyon motarsa ya bar maka tsohon, kana son sanin ko zai yi aiki a ɗaki, har kana shirin jona shi da cajar laftof ɗinka. Zai yi aiki, nawa ya kai shekara 6 yana yi a shagona da ke Kurna. Amma don Allah ka ajiye wannan cajar tukuna.

Da ita na kashe rediyona na farko. Cajar laftof galibi bolt 19 take bayarwa, shi kuwa rediyon mota an yi shi ne don batirin bolt 12, wanda ko injin mota na tashe bai cika wuce 14 da ɗan kai ba. Ina jonawa ya kawo haske, na fara murna, ban kai ga murɗa tasha ba sai ga hayaƙi da wari. Mai gyara ya buɗe, ya dube ni, ya ce in kai wa 'yan gwangwan. Kuma kar ka kuskura ka kai shi soket ɗin bango, can bolt 230 ne. Haka kar ka jona shi kai tsaye da fanel ɗin sola, domin da tsakar rana fanel ɗin da ake kira na bolt 12 yakan haura 18. Idan inbatar gidanku ta bolt 24 ce, ita ma ba abincinsa ba ce.

Duk aikin nan a kan abin da za ka ciyar da shi yake. Ka duba fiyus ɗin da ke bayansa, yawanci za ka ga an rubuta 10, wato amfiya 10. To ka nemo masa abin da zai ba da bolt 12 da amfiya 10 ko kusa da haka. Irin ƴan ƙananan adaftocin dikoda masu amfiya 1 ko 2 za su kunna shi, amma kana ƙara murya zai riƙa ɗaukewa yana dawowa, ka zata rediyon ne ya lalace alhali yunwa yake ji.

Ni da fawa-fak ɗin tsohuwar kwamfutar tebur, wato akwatin cikinta da ke ba ta wuta, nake amfani, kuma shi nake ba mutane shawara. A cikin tarin wayoyin babban filoginsa akwai koriya guda ɗaya tak. Ka haɗa ta da kowace baƙa, za ka ji fankarsa ta tashi. Wayoyinsa masu ruwan ɗorawa su ne bolt 12, baƙaƙen kuma su ne negetif. Ka murɗe biyu ko uku na kowane launi wuri guda, kar siririyar waya ɗaya ta ɗauki nauyin duka ta yi zafi. Jajayen wayoyinsa bolt 5 ne, ba ruwanka da su. In ba ka son wannan hidimar, ka shiga wajen masu kayan wuta a France Road ka nemi irin wanda ake sa wa kyamarorin tsaro, mai bolt 12 amfiya 10. Cajar batir ta kan hanya kuwa ban yarda da ita ba, gurnani take sa wa sauti.

Sai wayoyin rediyon kansa. Idan na kasuwa ne irin Pioneer, Sony ko Kenwood, launukan kusan ɗaya suke: baƙa negetif, mai ruwan ɗorawa ita ke riƙe agogo da tashoshin da ka ajiye, ja kuma ita ce ke zuwa mukullin mota. Dole jar da mai ruwan ɗorawar su samu wuta tare kafin ya kunnu. Nan mutane da yawa ke makalewa, su jona ɗaya su ce ya mutu. Na sifika biyu-biyu ne, fara, ruwan toka, koriya da shunayya, mai ratsin baƙi ita ce negetif. Kowace sifika da nata biyun. Kar ka haɗe negetif ɗinsu wuri ɗaya, kar ka kai su jikin ƙarfe, za ka iya ƙona abin da ke fitar da sautin. Waɗanda ba ka amfani da su ka naɗe bakinsu da baƙin tef.

Idan kuwa rediyon wanda ya zo da motar ne daga kamfani, launukan nan ba lallai su yi daidai ba, wasu ma lambar sirri suke nema da zarar an cire musu batir. Wannan ka ɗauke shi ka kai wa mai wayarin mota a Ƙofar Ruwa ya fitar maka da wayoyin, ya fi maka sauƙi a kan cinke.

Maganar ɗauke wuta ita ta sa na fi son tsarin nan a kan waɗannan manyan sifikun falo. Na sa ƙaramin batir mai 7Ah, irin na cikin akwatin da ke riƙe wa kwamfuta wuta. In ina jin labarai da murya daidai kunne yakan kai ni awa uku zuwa huɗu. Ka sa makunni a kan jar wayar rediyon, ka bar mai ruwan ɗorawar a jikin batir, da fiyus kusa da kan batirin. Ta haka tashoshinka ba za su goge ba, kuma ba zai tsotse batirin yana kashe ba. Batirin mota mai ruwa zai fi daɗewa, sai dai ba ya son a riƙa zuƙe shi tas, kuma in yana caji yana fitar da iskar da ke kama wuta. Ban ga dalilin kwana da shi a ɗaki ba, balle inda yara ke rarrafe.

Akwai wani abu da ya kamata ka duba kafin ka kashe ko sisi. Wasu rediyon da aka yi don kasuwar Jafan daga 76 zuwa 90 kawai suke kamawa. Da irinsu za ka ji Dala FM a 88.5, amma Arewa a 93.1, Rahama a 97.3 da Freedom a 99.5 duk sun fi ƙarfinsu, sai an sa musu ɗan abin da ke faɗaɗa zango. Eriya kuwa ba wani abu ba ce, waya mai tsawon santimita 75 na soka a ramin eriyar na rataye ta a taga, a cikin gari ta wadatar.

Kar rubutun 50W sau 4 da ke jikinsa ya ruɗe ka, ainihin abin da kowace sifika ke samu bai cika wuce wat 20 ba. Ya ishi ɗaki ko shago, har maƙwabci ya leƙo, amma ba na taron biki ba ne. Sifikun mota masu om 4 (om shi ne ma'aunin turjiyar sifika ga wuta) su ne daidai da shi, na gida masu om 8 ma za su yi, sai dai muryar ta ɗan ragu. Kuma sifikar mota a tsirara ba ta da daɗi, ƙofar mota ce akwatinta. Ni kafinta na sa ya yi mini akwati biyu na katako, sai ga sauti ya cika kamar ba su ba. Shi ma rediyon na sa shi a akwati, amma na bar bayansa a buɗe, don a zafin Afrilun Kano ƙarfen bayansa har ƙona hannu yake. Ɓangaren faifai kam na haƙura da shi tun hunturun farko, ƙura ta gama da shi, yanzu filash da Bluetooth nake amfani da su.

Ka ɗauki hoton bayansa da takardar da ke manne a samansa ka turo nan, in Allah ya yarda bayan Isha zan duba in gaya maka wace waya ce za ta je ina.